Hayaƙi Ma Ɓarna Ne: Jawabi Ga 'Yan'uwa A Ajilari

Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Ba mu manta da 26 ga Fabrairu 2023 ba, ranar da gobara ta cinye kasuwar Monday Market. Gwamna Zulum ya ware naira biliyan 1 ta agaji, Allah ya saka. Sai dai in ana lissafin asara, ba kasafai ake tuna hayaƙi ba. Shaddar da wuta ba ta taɓa ba amma ta sha hayaƙi, wa zai saya? Haka abin yake a gida in maƙwabci ya yi gobara. Ƙauri ya kama katifa da silin da buhun gero, yara su yi ta tari.

Wanda ke da inshorar gobara, ko takaful ga mai gudun riba, ya duba takardarsa. Galibi ɓarnar hayaƙi da ta ruwan 'yan kwana-kwana tana cikin abin da ake biya. To, don Allah kada mu yi garajen wanki da fenti. A ɗauki hoto, a nemo rasit, a sanar da kamfani nan take, jami'insu ya zo ya gani da idonsa tukuna. In suka yi ta ja mana rai, hukumar NAICOM na karɓar ƙara.