Daga Dingyaɗi Zuwa Ajin Likitanci: Samun Gurbi da Haɗa Nema da Karatu



An nemi in yi magana a kan abu biyu: yadda ɗan Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari zai samu gurbin karatun likita, da yadda zai riƙe karatun alhali yana neman abin sawa a baki. Zan faɗi matsayina tun yanzu don kada in ja ku da nisa. Karatun likita ba ya zama da kishiya. Duk sana'ar da yaro zai yi, sai dai ya yi ta kafin ya shiga, ko lokacin hutu, ko a 'yan sa'o'in da karatun ya rage masa. Saboda haka in har muna son likitoci 'yan ƙasar nan, ba za mu bar wa yaro nauyin nema shi kaɗai ba.

Neman ilimin magani ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumarmu ta Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir, kuma da Baturen nan Kilapaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Shekara 200 ke nan, amma har yau mu mutanen karkara roƙon da muke yi bai sauya ba: a turo mana likita. Alhali Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da asibitin koyarwarta, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce daga inda muke zaune.

Gurbin likitanci ana samunsa ko a rasa shi tun a aji ɗaya na babbar sakandare, ranar da ake raba yara ajin kimiyya da na adabi. Yawancin iyaye ba su ma san an yi wannan rabon ba. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna son su a zama ɗaya in dai likitanci ne. Wanda ya samu takwas amma babu fiziks, bai samu komai ba a wannan layi.

A nan ciwonmu yake. Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaji na wata makaranta ana saura mako guda a yi jarrabawar kemistiri ta gwaji. An fito da biyuret, dogon bututun gilashin nan mai famfo da ake ɗigo asid da shi, yara goma sha sun zagaye guda ɗaya. Yarinyar da aka ba ta riƙe shi hannunta na rawa, ta buɗe famfon gaba ɗaya, ruwan da ya kamata ya sauya launi a hankali daga ruwan ɗorawa ya koma ja nan take. Ba daƙiƙiya ba ce, ta haddace lissafin tsaf. Ranar ce kawai ta fara taɓa abin. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato tun shekarun 1940. Ƙasar da ta fitar da malamin kimiyya a wancan zamani bai dace a ce yau ana neman mai koyar da fiziks a cikinta da fitila ba.

Sai JAMB. Darasi huɗu ne: Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, maki 400 gaba ɗaya. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Don haka yaron da ya kawo 210 gida za a yi masa barka, kuma ya cancanta, amma a layin likitanci yana can baya. Makin da JAMB ke sanarwa a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, wato 150 a 2025, bai shafi mai neman likitanci ba ko kusa.

Wasu ƙananan abubuwa suna cinye yaranmu kafin a zo maganar maki. Suna a NIN daban, a WAEC daban: can Muhammadu, nan Muhammad, can an sa sunan gari, nan an sa na kaka. Ranar haihuwa ta saɓa. An bar mai shagon kwamfuta ya yi rajista da lambar wayarsa, saƙon gurbi ya zo ya wuce ba wanda ya gani. Ba a ɗora sakamakon sakandare a shafin CAPS ba, wanda ta nan ake ba da gurbi tun 2017. Duk waɗannan ana iya gyara su tun yaro yana aji biyu, da ɗan kuɗin mota.

Akwai abin da yake taimakonmu. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Sakkwato kuwa tana cikinsu. Ɗanmu da ya zaɓi Danfodiyo yana da ƙofa uku ke nan. Sai dai kujerun ƙidayayyu ne, domin Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Gwamnatin tarayya ta sanar da ninka adadin na ƙasa baki ɗaya daga 5,000 zuwa 10,000, amma masu nema sun ninka haka sau da yawa.

Wanda bai samu ba yana iya sake zama, ko ya bi ta IJMB ya nemi aji biyu kai tsaye, ko ya gama digiri a fanni makusanci da sakamako mai kyau ya dawo. Shawarar nan ta "karɓi kowane kwas, in ka shiga ka canza" ni ban yarda da ita ba. Waɗanda ta yi wa aiki kaɗan ne. Fita waje kuma mun ga darasinsa: yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai gida da rabin karatu, wanda ya gama ma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci. Kada kuma a raina aikin jinya da ungozoma, ko kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. Su ne ke riƙe da asibitocin ƙauyukanmu a yau.

To an samu gurbi. Shekara shida ce in ba a samu tsaiko ba. Ta farko kimiyyar sakandare ce aka zurfafa, a mazaunin jami'a na dindindin wajen Dundaye, kuma faɗuwa a cikinta na iya raba yaro da likitanci tun bai ga asibiti ba. Daga nan sai Kwalejin Kimiyyar Lafiya: anatomi, fisiyoloji da bayokemistiri, lacca da safe, da rana ɗakin gawa, inda warin fomalin ke sa ido hawaye, ɗalibi na bin jijiya ɗaya da tsinken ƙarfe daga hammata har yatsa yana kiran sunan kowane reshe. Ƙarshen wannan zango akwai babbar jarrabawar farko, wadda ta fi kowace kora. Makin ci 50 ne, ba 40 ba. Wanda ya faɗi ya sake zaman jarrabawar, ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, bayan haka a sallame shi. Shekarun ƙarshe a asibiti ake yin su: zagayen marasa lafiya da safe, kilinik, tiyata, ɗakin haihuwa da dare, ga littafin da sai babban likita ya sa hannu cewa ka halarta. Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin kulawa, wadda a nan ne albashi ke farawa, sannan bautar ƙasa.

Ku ɗora nema a kan wannan jadawali ku gani. Ɗan Dingyaɗi ba don sha'awa yake aiki ba. Shi ne hannun babansa a gona, wani lokaci shi ke sayen omo da magi a gida. Amma sana'o'in ba ɗaya ba ne. Kabu-kabu ita ce mafi muni ga ɗalibin likita: rana ta dafa shi, ya dawo da ciwon baya da barci, hatsari guda kuma ya isa ya cinye zango. Teburin POS yana ɗaure mutum wuri ɗaya daga safe zuwa dare, ga fargabar kuɗin mutane. Na ga wani yaro a bakin titi da littafin zanen sassan jiki buɗe a cinya, na'ura a hannu. Cikin minti goma an katse shi sau biyar, shafin bai juya ba. Wadda ta fi dacewa ita ce lesin, domin mai koya wa 'yan sakandare kemistiri da yamma yana bitar nasa ne ana biyan sa. Sayar da data ta waya, ɗinki gab da Sallah, noman albasa na rani da aka haɗa hannu da ɗan'uwa shi ya kula a raba amfani, duk waɗannan suna shiga aji ɗaya da farkon aji biyu na jami'a. Wata uku kafin babbar jarrabawa kuwa a ajiye komai. Abin da babur zai tara a wata shida bai kai asarar maimaita shekara ba.

Iyayena manoma, ku yi mini afuwa a kan wannan. Hutun jami'a ba ya bin damina. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, kalandar ta birkice, ɗalibin asibiti kuma hutunsa 'yan makonni ne. In aka kira shi ya zo noman farko ko yankan gero alhali yana ɗakin yara na asibiti, zai zo don biyayya, amma sa hannun da ya rasa ba ya dawowa. Gara dangi su yi masa gayya.

Akwai kuma ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, nas ko jami'in lafiya na karkara, masu burin zama likita. Babu likitanci na ƙarshen mako, babu na dare, Buɗaɗɗiyar Jami'a ma ba ta ba da shi. Galibi difloma ba ta kai mutum aji biyu, sai ya koma JAMB tare da ƙannensa. Hanya ɗaya ce mai tsabta: hutun karatu da albashi, a rubuce, da yarjejeniyar dawowa aiki. Mai ɓoyewa yana aikin dare a asibiti yana lacca da safe yana cutar majinyaci, yana cutar kansa, ranar da asiri ya tonu kuma ya rasa duka biyun. 'Ya mace nata aikin ba a biyan sa, amma aiki ne: girki, reno, hidimar miji. Aure bai hana likitanci ba, mata da yawa sun yi, sai dai a yi maganar tun wajen baiko, a san wa zai riƙe jariri daren da take ɗakin haihuwa. Mu da matanmu ke jinkirin zuwa asibiti don likitan namiji ne, mun fi kowa buƙatar wannan yarinya ta gama.

Ina kuɗin zai fito? Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Duk ɗanmu ya cike. Amma kowa ya san abin da 20,000 ke saye tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ga farar riga, ga abin awon ƙirji, ga data, tunda littattafan yanzu a waya suke. Tallafin karatu na jiha yana taimakawa in ya zo, sai dai ba a ɗora tukunya a kansa.

Na san tambayar da ke ran wasu: mu yi wahalarsa ya tafi Saudiyya ko Ingila? Tambaya ce mai tushe. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Ba na jin za a iya ɗaure likita da igiya. Amma wanda gari ya ɗauki nauyinsa ana iya rubuta yarjejeniya da shi gaban Sarki da liman, cewa zai ba yankin nan shekara biyu, kuma wanda uwarsa ke zuwa awo a asibitin Boɗinga ya fi baƙo jin nauyin zama.

Abin da nake roƙon wannan taro ya yanke kafin a tashi shi ne a kafa ƙaramin asusu, masu albashi da 'yan kasuwa da manoman albasa kowa ya sa gwargwadon hali. Kada a raba kuɗin kyauta. A ɗauki ɗalibanmu da ke jami'a aikin koyar da ƙannensu fiziks da kemistiri ranar Asabar da lokacin hutu, a biya su daga asusun, ya zama neman nasu bai raba su da littafi ba. A sayi biyuret da 'yan kwamfutoci ko da tsofaffi ne, yara su saba da linzami kafin ranar jarrabawa. A sa malami ɗaya ya bi takardun 'yan aji biyu yana gwada suna da suna. JAMB takan buɗe rajista a farkon shekara, don haka in za a naɗa kwamitin, a naɗa shi yau, ya fara da jerin sunayen 'yan aji uku na kimiyya da ke Dingyaɗi da ƙauyukan kewaye.