Kafin kamara, lissafi

'Yan uwa matasa, a Lugu, nan ƙasar Arewa, Sarauniya ta tari sojojin Faransa a 1899. Amma fim ɗinta da Med Hondo ya fitar a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƙasar da ta zuba kuɗinta. Kun gani, mai kuɗi ke zaɓen fili.

Tun kafin a kunna kamara ake tsinka labari fitowa-fitowa: kwana nawa, 'yan wasa nawa, dawaki, sutura, mota, abinci, hayar kayan aiki, tacewa. Kowanne da farashinsa, sannan a ware na ko-ta-kwana. Kwana guda ya ƙaru, komi ya ƙaru.

To, mai son ɗaukar tarihinmu a Dogon Dutsi, ya fara da biro da takarda.