Idan Magani Ya Yi Illa, Ba a San Wanne Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya



An nemi in yi magana a kan illar da magani kan yi wa mai shan sa, musamman idan an rasa gane wane magani ne ya yi ta. Mafi yawan tushen matsalar a garuruwanmu shi ne abin da muke kira haɗi. Mutum zai je kemis ko wajen mai talla ranar kasuwa, ya ce zazzaɓi, a ɓare masa ƙwayoyi biyar ko shida daga kwalayensu, a ƙulle a leda. Ba suna, ba kwanan watan lalacewa. Wani ya ɗora da jiƙo, wani ya ƙara da allura.

Akwai illa mai sauƙi, kamar ƙaiƙayin da kulorokwin ke sa mutane da yawa. Akwai mai kisa, wadda likitoci ke kira Stevens-Johnson: zazzaɓi, jan ido, gyambo a baki, sannan fata ta yi ƙuraje masu ruwa ta saɓule kamar ƙuna. An san magunguna irin su Septrin da Fansidar da wasu na farfaɗiya da haddasa ta. A gida sai a ce ƙyanda ce, ko ƙarambau, ko ma jifa, a yi kwanaki ana hayaƙi.

Abin da nake son ku riƙe shi ne wannan illa ba ta bayyana nan take. Takan ɗauki kwana 4 zuwa 28 bayan fara shan maganin. Saboda haka maganin da aka sha jiya ba lallai ne shi ke da laifi ba. Sau da yawa zazzaɓin farko alamar illar ce, aka ba da farasitamol dominsa, sai a ɗora wa farasitamol laifi, mai laifin kuwa tun mako biyu aka fara shan sa, wataƙila ma ana nan ana ci gaba. Likita ba shi da gwajin jini guda da zai nuna masa sunan ƙwayar. Lissafi yake yi: me aka sha, yaushe aka fara, yaushe ƙurajen suka fito. Idan abin da aka miƙa masa leda ce fanko, da me zai yi lissafin? Kuma wanda ya warke bai san sunan abin da ya kusa kashe shi ba, zai iya sake sha, na biyun kuwa yakan fi muni.

Sanin suna shi ke ceton al'umma. A 2008 yara sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda a Legas da Zariya da wasu wurare, har aka gano maganin haƙori na My Pikin ne ya gurɓata da guba. Yara 84 aka ƙidaya sun rasu. Kwalaben da aka samu ne suka ba da damar gwaji. Tun 2004 hukumar NAFDAC ke da cibiyar tattara rahoton illar magani, kuma irin wannan rahoto ne ya sa ta hana Novalgin a 2005. Amma takardar rahoton tana neman sunan magani da lambarsa, abin da haɗi ba shi da shi.

Mu mazauna Kano da Kaduna da Abuja muna da hannu a ciki, domin mu ne masu aika wa iyaye magani ta hannun direba, ba tare da likita ya duba su ba. Don Allah mu aika shi cikin kwalinsa, mu tambayi abin da suke sha can. Mu gaya musu kada a yar da kwali ko kwalba sai bayan wata guda. Wanda ya ga gyambon baki, ko kumburin fuska, ko fitsari ya yi baƙi bayan shan magani, a kai shi asibiti ranar, tare da duk abin da ya sha, har da jiƙon. Mai shan maganin tarin fuka ko farfaɗiya, likita ne zai sauya masa wani.

Ina ba ƙungiya shawarar ta buga ƙananan katuna, a raba wa asibitocin Zoza da Rogo da Karaye, domin duk wanda aka tabbatar wani magani ya yi masa illa a rubuta masa sunan, ya riƙa yawo da shi a aljihu. Ina kuma roƙon kwamitin lafiya ya zauna da masu kemis na gari kafin damina, a kan rubuta sunan kowace ƙwaya da suka sayar.