Makarantar Ƙauye da Zamanta Cikin Jama'a a Kudancin Kano



Duk wanda ya bi hanyar Jos daga Kano, ya ratsa ƙasar Bebeji inda Audu Bako ya datse ruwan Tiga, ya wuce Tudun Wada da fadamunta na shinkafa, ya keta dajin Falgore har ya dangana da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, lalle zai shaida cewa Allah bai hana wannan yanki arziki ba. Haka kuma hukuma ba ta bar shi babu makarantu ba, domin tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 azuzuwa suka bazu cikin ƙauyuka, aka ƙara da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, har a Bagauda ga makarantar horon lauyoyi. Amma duk da haka, a 2024 sai da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi.

A nawa nazari, asalin illar shi ne makarantar boko har yanzu baƙuwa ce a ƙauye, alhali makarantar allo 'yar gari ce. Alaramma yana zaune cikin jama'a, yana halartar sunansu da jana'izarsu, yana biya karatu da asuba da kuma bayan isha'i, ya bar wa gona hantsinta. Shi kuwa malamin firamare, wanda galibi daga nesa aka turo shi, ba gidan da zai sa haƙarƙarinsa, sai ya iso rana ta take, ya juya kafin azahar. Sa'an nan jadawalin karatu ya ɗora zango na uku a kan shuka da noman fari, na ɗaya kuma a kan girbin masara, ta yadda manomin Kiru ko Doguwa, in an tilasta masa zaɓi tsakanin rumbu da aji, ba ya jinkirin ɗaukar rumbu, kuma ba jahilci ne ya sa shi ba, lalura ce.

Al'amarin 'ya'ya mata ya fi tsanani, saboda uban da ya yarda 'yarsa ta gama firamare a garinsu, da wuya ya amince ta riƙa taka doguwar hanya zuwa sakandare bayan ta tasa. Magabatanmu sun san maganin wannan, domin Nana Asma'u 'yar Shehu jajojinta, wato matan da ta horar, ta riƙa aikawa su kai wa matan karkara ilimi har gida.

Saboda haka shawarata uku ce: a horar da 'ya'yan kowace gunduma, musamman mata, a mayar da su koyarwa a garuruwansu, a gina wa malami gida kafin a ƙara sabon aji, a kuma ba hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi izinin daidaita lokutan karatu da damina da kaka, bisa shawarar dagatai da limamai.

Allah Ya sa mu dace.