Injin Niƙa Gahawa: Laifin Inji Ne Ko na Mai Shi?

A biranen Italiya, da sassafe, mutum kan shiga gidan shan gahawa, ya tsaya a gaban teburin mai sayarwa, a miƙo masa ɗan mitsitsin kofi wanda abin da ke ciki bai wuce kurɓi biyu ba, ya shanye a tsaye, ya kama hanyar wurin aikinsa. Wannan gahawa mai kauri, mai jar kumfa a samanta, ita ake kira esfireso. Injin da ke dafa ta ba sabo ba ne. Tun a 1884 wani mutumin Turin, Angelo Moriondo, ya yi rajistar irinsa na farko, Luigi Bezzera ya gyara shi a Milan a 1901, sa'an nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da wanda ke tura ruwa da ƙarfin gaske, wanda ya ba ta kumfar nan da aka san ta da ita. Shekaru da yawa aikin na masu gidajen gahawa ne. Amma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe irin waɗannan wurare a Turai da Amurka, mutane da dama suka ce bari su koyi yi da kansu a gida. Suka sayi injin dafawa, daga baya suka gane ba a nan gizo ke saƙa ba. Wahalar tana wajen niƙa.

Ga dalili. Bisa ƙa'idar Italiyawa, giram 7 na garin gahawa ake dannewa cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai huji-huji kamar rariya, a tura ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba ya ratsa shi da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 9, a sami mililita 25 cikin sakan 25. Masu yi a gida kuwa sun fi zuba giram 18 su tsiyayi giram 36. Ko ta wace hanya aka bi, babu abin da ke tare wannan ruwa mai ƙarfi sai garin kansa. In garin ya yi tsaki, ruwa ya wuce cikin sakan 10, abin da ya fito ya yi tsami, ba kauri. In ya yi lilis ƙwarai, ruwan ya riƙa ɗiga da ƙyar, ko ya tsaya cak, abin da aka samu ya yi ɗaci. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu kuwa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Shi ya sa injin nan mai wuƙa da ke daddatsa ƙwaya bai isa wannan aiki ba. Wanda ake bukata yana da duwatsun niƙa biyu na ƙarfe masu haƙora, ko dai fayafaya ko kuma masu tsini kamar hular malafa, ɗaya yana juyawa kusa da ɗan'uwansa. A Birtaniya irin wannan yana kamawa daga wajen fam 200 zuwa fiye da fam 1,000.

To, a ɗauki misalin wani mutum a Manchester da ya biya fam 400 ta intanet, aka kawo masa inji har gida. Ya jona shi da wuta, ya tashi, ƙararsa daidai, gari yana zuba. Amma yau gahawa ta tsiyaye cikin sakan 15, gobe ta ɗauki sakan 40, alhali bai taɓa ma'aunin laushin ba. Garin yana fitowa a curcure, wani yana manne wa bakin injin, wani yana tashi ya bazu kan tebur. Ya rubuta wa kantin da ya sayar masa. Amsar da irin wannan mutum ya saba samu ita ce: injin lafiyarsa ƙalau, sabo ne, haƙoransa ba su saba ba, a yi haƙuri a niƙa kilo biyu ko uku tukuna, ko kuwa a sake gahawa, domin mai yiwuwa wadda ake amfani da ita ta kwana biyu.

Ba za a ce mai kanti ƙarya yake yi ba. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Ƙwayar da aka soya watanni da suka wuce ta riga ta rasa iskar da ke cikinta, ruwa kan ratsa garinta da sauri ko da wane inji aka niƙa. Wadda ba a soya sosai ba kuma tana da tauri, har takan tsai da ƙaramin inji. Sabbin haƙora kan ɗan canja bayan an yi aiki da su. Akwai kuma garin jiya da ke maƙalewa a cikin injin, ya gauraya da na yau ya ɓata shi. Mannewar gari da curewarsa ma ba lallai alamar lalacewa ba ce: wutar gogayya ce, irin wadda ke sa riga ta yi ƙara-ƙara lokacin hunturu. A 2023 wani masanin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Oregon, Christopher Hendon, tare da masu nazarin duwatsu masu aman wuta, ya buga bincike a mujallar Matter da ya nuna cewa ɗan yayyafa wa ƙwayar ruwa kafin niƙa yana rage wannan wuta da curewar. A 2020 ma shi da abokan aikinsa sun nuna cewa in laushi ya wuce kima, ruwa kan nemi wa kansa ɓarauniyar hanya ta cikin garin ya bar sauran bai jiƙa sosai ba. Watau mai saye yana iya ɓata gahawarsa da hannunsa, yana tsammanin gyara yake yi.

Amma fa akwai injin da tun daga masana'anta ya fito da aibu. Duwatsun biyu ba su zauna daidai da juna ba, gefe ɗaya ya matse, ɗaya ya buɗe, saboda haka lilis da tsaki suke fitowa tare. Ko kuwa ma'aunin yana zamewa da kansa in injin yana girgiza. Ko kuwa an murɗa shi har ƙarshe amma laushin bai kai ba. Abin da ya sa rigimar ke da wuyar rabawa shi ne, alamun wannan aibu da alamun rashin ƙwarewar mai inji iri ɗaya ne. Rediyon da ya ƙi magana kowa ya san ya lalace. Injin da ke juyawa yana zubo gari kuwa, in aka ɗora shi kan teburin mai gyara aka kunna, sai a ce ai ga shi yana aiki. Shaidar mai saye a harshensa take, harshe kuwa ba a aika shi ta gidan waya.

A nan doka ke shigowa, kuma mutane da yawa ba su san iyakar abin da ta ba su ba. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole kaya su kasance masu inganci, su kuma dace da aikin da aka sayar da su dominsa. Injin da aka yi tallarsa a kan na esfireso ne, amma ba ya iya niƙa garin esfireso, bai cika wannan sharaɗi ba ko da yana juyawa. Alhakin kuma yana wuyan mai kanti, domin da shi aka yi ciniki. Ba shi da ikon ya ce a je a nemi kamfanin da ya ƙera a Italiya ko Sin. Cikin kwana 30 na farko mai saye yana iya mai da kaya masu aibu a ba shi kuɗinsa cif, sai dai a wannan lokaci shi zai nuna aibun. Bayan haka, har zuwa wata 6, abin da zai nema shi ne gyara ko musaya, doka kuwa tana ɗauka cewa da aibun kayan suka zo sai in mai kanti ya tabbatar da akasin haka. In an gyara sau ɗaya bai yi ba, sai a mai da kuɗi ko a rage farashi. Wanda ya saya ta intanet yana da wata dama dabam: kwana 14 bayan an kawo masa, yana iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba, ko da yake ana iya zare masa wani abu in ya yi aiki da kayan fiye da gwaji. Wanda ya biya da katin bashi kuma, in kuɗin ya wuce fam 100, dokar 1974 ta sa kamfanin katin ya yi tarayya da mai kanti a alhakin.

Mai sauraro ya lura da inda shawarar nan ta a yi haƙuri ke da haɗari. Gidan da ke shan kofi biyu a rana, giram 18 kowane, yana bukatar kusan wata biyu kafin ya niƙa kilo 2. Kafin haƙora su saba, kwana 14 sun wuce, kwana 30 ma sun wuce. Lissafin kwanakin yana tsayawa ne in mai saye ya nemi gyara ko musaya, amma zaman jira bisa shawara ba ya tsai da shi. Ba sai mai kanti ya yi nufin zamba ba. Sakamakon dai ɗaya ne.

A ƙasashen Tarayyar Turai garantin doka shekara 2 ne, kuma tun daga 2022 nauyin kawo hujja yana kan mai sayarwa aƙalla shekara guda. A Amurka abin ya fi dogara ga takardar garantin kamfani da dokokin jihohi. Wanda ya sayi inji a wata ƙasa ya ƙetare da shi kuwa, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, yawanci garantin kamfani ba ya bin sa, ga kuma bambancin wuta: Amurka bolt 120, Turai 230.

Cikin kamfanonin ma akwai bambanci. Baratza na Amurka, alal misali, ya yi suna wajen sayar da kayan gyara ɗaiɗai, har da ƙananan giya da zobba, tare da bayanin yadda mutum zai sa su da kansa. Wasu kuwa sai an naɗe injin gaba ɗaya an aika, ga nauyi, ga kuɗin aikawa, a zauna makonni ba gahawa.

Mutumin Manchester, in yana da dabara, zai mai da abin da harshensa ya ji ya zama lamba. Ya sayi sabuwar gahawa leda ɗaya mai kwanan watan suya a jiki, ya auna giram 18 kowace safiya a kan sikeli, ya rubuta inda ma'auni yake da sakan nawa ruwan ya ɗauka, ya ɗauki hoton bidiyo. In yana da maƙwabci mai irin injin, ya niƙa gahawar nan a can ya gwada. Masu son abin suna da wata dabara kuma, ta shafa tawadar alƙalami a bakin dutsen, a juya da hannu, a ga gefen da ta goge. Amma wannan sai an buɗe injin, kuma gara a nemi iznin mai kanti a rubuce kafin a taɓa sukurori. Daga nan ya rubuta wasiƙa mai kwanan wata, kafin rana ta 30 ta cika, ya ce ya ƙi kayan, ya haɗa da rasit da lambobinsa na kwana goma.