Kobra ta asali da Kobra ta kwaikwayo

 

Yau zancen mota za mu yi, amma ba irin wadda ke ɗaukar albasa daga Galmi ba. Wata 'yar ƙaramar motar tsere ce mai kujera biyu, ba ta da rufi, sunanta Cobra, wato kumurci. Na san wani zai ce ina ruwan makiyayi da ita. Ku ɗan yi mini haƙuri, gardamar da ake yi a kanta kun fi Turawan saninta.

Wani Ba'amurke ne ɗan jihar Texas, Carroll Shelby, ya ƙirƙiro ta. Ya taɓa kiwon kaji abin bai karɓe shi ba, ya koma tseren mota har ya ci gasar Le Mans ta Faransa a 1959, sai ciwon zuciya ya raba shi da sitiyari. A Ingila kuwa akwai kamfanin AC mai ƙera wata mota marar nauyi, ana ce mata Ace. Shelby ya ɗauko ƙaton injin Ford mai silinda takwas ya cusa mata. A 1962 ke nan. Kafin a daina ƙera ta a 1967, duka-duka wajen dubu ɗaya aka yi.

Dubu ɗaya, masu so kuwa ba iyaka. Ta farkon, mai lamba CSX2000, an yi gwanjonta a Kalifoniya a 2016 a kan dala miliyan 13 da dubu 750. Abin dariya, ita wannan ta farkon Shelby ya riƙa sauya mata fenti yana ba 'yan jarida su gwada, don su ɗauka motocin suna da yawa. Kun ga ashe wayon kasuwa ba a Jibiya aka fara shi ba.

To mai son Cobra hanya biyu ce gabansa.

Ta farko ya nemo ta asali, ko da ta lalace, ya farfaɗo da ita. Nan fa ake shan wuya. Jikinta na alminiyom ne da aka bubbuga da hannu, sai fanbita gwani yake iya mayar da shi yadda yake. Ƙashinta bututun ƙarfe ne, yana tsatsa. Kuma ba a son ka yi ta sauya kaya. Duk abin da ka cire ka sa sabo, ka rage mata daraja, ko da sabon ya fi tsohon kyau. Masu saye lambar shasi suke dubawa, su bi tarihin motar hannu-hannu, wa ya saya, wa ya sayar, ta taɓa haɗari ko ba ta taɓa ba. Har ƙungiya gare su a Amurka da ke riƙe da rajistar lambobin. Bayan duk wannan wahala, da yawa tsoron hawa titi da ita suke yi. Wa zai sa dukiya irin wannan a gaban babbar mota?

Hanya ta biyu ita ce ta kwaikwayo. Kamfanoni irin su Factory Five a jihar Massachusetts, wanda ya fara a 1995, suna sayar maka da sabon ƙashi da jiki na faiba, kai kuma ka nemo inji da giya, sau da yawa daga Ford Mustang, ka haɗa a garejinka. Akwai ma Superformance, waɗanda a Afirka ta Kudu ake ƙera nasu da izinin kamfanin Shelby. Irin waɗannan yanzu sun ninka na asali sau da yawa. Birkinsu na zamani ne, kayan gyara ba sa wuya, in ka buge ta ka gyara ka ci gaba. Sai dai ranar sayarwa, da wuya a biya ka guminka na watanni, kuma ko ta shekara hamsin ba za ta zama ta 1965 ba.

Ni dai in za ku ji ta bakina, ban ga laifin ta kwaikwayo ba. Wanda ya ce maka ga kwaikwayo, ka biya kuɗin kwaikwayo, ciniki ya yi. Inda ta ɓaci shi ne a samu motar asali da ta ƙone ko ta ragargaje, a ɗauki lambarta a liƙa wa sabon ƙarfe, a kira kuɗin asali. Har akan samu motoci biyu kowacce na cewa lambar tata ce. Makiyayi ya san wannan. Sa biyu za su yi kama a kasuwa, launi ɗaya, ƙaho ɗaya, amma kai da ka san uwar ɗayan da kakarsa ba za ka yarda a yi musu kuɗi ɗaya ba.

Ga inda ya shafe ku kai tsaye. Tsofaffin Fijo 404 da 504 da ke zirga-zirga tsakanin Konni da Illela, ko Maraɗi da Katsina, da yawansu haɗe-haɗe ne: jikin wannan, injin waccan, giyar wata. Ba abin kunya ba ne, da haka suka kai yau. Amma in za ka sayi irin wannan, Alhaji, kada fenti ya ruɗe ka. Tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba. A goge wurin lambar shasi, ka haɗa ta da ta takarda harafi-harafi. In ka ga alamar walda ko goge-goge a gefen lambar, janye hannunka. In an sauya inji, a ba ka takardar sayen injin, don ranar da jami'in duwan ko na kwastan ya buɗe bonet, ba mai sayarwa zai tambaya ba, kai da ke riƙe da makulli zai tsare, kayanka kuma na cikin rana.

Mu haɗu mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.