Jawabin Cikar Shekara: Asusun Karatun Samarinmu



Rufe iyaka a 2019 da 2023 ya nuna mana hanya ba gado ba ce. Tsakanin Jibiya da Maraɗi, yaranmu 'yan shekara 16 zuwa 19 suna barin aji su kama dako da kabu-kabu. Ranar da aka sake rufe hanya, me za su ci?

Don haka muna roƙon duk motar da ta yi lodi ta sa wani abu a asusun karatu. Da shi za mu biya kuɗin jarrabawar WAEC, NECO, BEPC da BAC, mu saya wa masu koyon ɗinki, walda da kanikanci kayan aiki, maza da mata. Sharaɗinmu ɗaya ne: yaro ya zauna har ya kammala.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu.